Haruffa Masu Kumatu Da Ƙugiyar Da Ta Ɓace

A watan jiya mun yi alkawarin taɓa zancen kuɗin jarrabawa, to amma wani abu ya faru a makarantarmu ta nan Bantama wanda ya sa dole muka jingine wancan zance tukuna. Abin kuwa ƙarami ne a ido, bai wuce ƙwayar gero ba, amma ya ci mana kwana da kwanaki.

Ga yadda aka yi. Da hunturu ya kama, ƙura ta dami yara 'yan aji ɗaya, sai muka shawarta da shugaban makaranta a buga 'yan kwalaye na sanarwa da Hausa da Turanci a manna a ƙofofin azuzuwa, a haɗa da ƙyallen walimar saukar karatu wanda iyaye suka tara wa kuɗi. Muka rubuta kalmomin da hannunmu tsaf, muka ba wani tsohon ɗalibinmu da ke aiki a wani shagon buga takardu da kwamfuta. Yaron kirki ne, kuma don ya faranta mana ya yi. Ya zaɓi irin haruffan nan masu ƙiba, masu kumatu, waɗanda ba su da kusurwa ko tsini, kai ka ce ƙosai aka jera a faranti. Da aka kawo kowa ya yaba, har da mu. Sai washegari wata yarinya 'yar aji huɗu, wadda iyayenta ba su daɗe da zuwa daga Sakkwato ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Muka ce, "Ke, lafiya?" Ta ce, "Malam, ashe akwai kura a Bantama?" Muka ɗaga kai muka duba. Mu dai abin da muka rubuta shi ne, "A rufe ƙofa saboda ƙura." Abin da ke manne kuwa cewa ya yi, "A rufe kofa saboda kura."

Mun yi dariya tare da ita, ba mu musa ba. Amma da muka je ofis muka warware ƙyallen walima, sai dariya ta koma ciki. Duk inda muka sa ƙ sai k, inda muka sa ɗ sai d, inda muka sa ɓ sai b. Addu'ar da muka yi wa yara, "Allah ya ƙara basira," ta koma zancen kara, wato irin na dawa. Ɗalibai sun rasa ƙugiyarsu, sunan Alƙur'ani mai girma ma bai tsira ba. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, mu malamai uku muka duba ƙyallen nan ranar da aka kawo shi, babu wanda ya gani. Kyan haruffan ne ya ɗauke mana ido.

Da yamma muka tafi shagon. Yaron ya tashi ya ba mu kujera, ya ce, "Ticha, wallahi ba da gangan na yi ba. Bari in nuna maka." Ya buɗe aikin, ya sake rubuta ƙ a cikin salon nan mai kumatu. Nan take harafin ya fito siriri, ramamme, a tsakiyar ƙattin 'yan'uwansa, kamar baƙon da ya shigo biki ba a gayyace shi ba. Ya canja zuwa wani salo, wannan karo ma ba harafi ne ya fito ba, wani ɗan akwati ne wayam. Ya ce shi da ya ga haka sai ya ga aikin zai yi muni, ya cire su duka ya sa na Turanci, tun da a ganinsa ai duk ɗaya ne.

To, a nan ya kamata mu ɗan tsaya mu yi bayani, domin mu ma sai a ranar muka fahimta sosai. Kwamfuta ba ta ƙirƙirar harafi da kanta. Kowane salon rubutu da ka gani a cikinta, wani mutum ne ya zauna ya zana shi, harafi bayan harafi, babba da ƙarami, ya zuba su a jaka guda. Idan ka danna harafin da mai zanen bai zana ba, sai kwamfuta ta yi aro daga wata jakar, shi ne ka ga ya fito dabam, in kuwa ta rasa inda za ta ara sai ta ba ka akwati. Haruffanmu masu ƙugiya suna da lambobinsu a tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya ke bi, tun farkon shekarun 1990. Ke nan gurbinsu na nan. Masu zanen ne kawai, musamman masu zana haruffan ado na talla, yawancinsu ba su san da mu ba, ko kuma ba su ga ribar wahalar zana wa Bahaushe ƙugiya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka muna ƙin haruffa masu kumatu ne. Mu da muka tashi a Kumasi ai a cikinsu muka buɗe ido. Wanda ya taɓa tsayawa a Kejetia yana jiran mota ya san rubutun da ke goshin trotro da bayanta, ya san allunan masu aski da masu ɗinki da masu sayar da waakye, da jan fenti da rawaya, harafi ya kumbura kamar an hura masa iska, an yi masa inuwa a gefe. Garin nan ya shahara da masu wannan sana'a. Kwame Akoto, wanda aka fi sani da Almighty God, tun shekarun 1970 yake da wurin aikinsa a Suame, kuma zanensa ya kai gidajen nunin kayan fasaha a Turai da Amurka. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990, lokacin da gidajen kallon bidiyo suka cika unguwanni, a kan buhunan fulawa da aka ɗinke ake zana tallar fim, da manyan haruffa waɗanda kana hango su daga tsallaken titi. Mu kanmu muna yara mun sha latti saboda tsayawa kallonsu, Allah ya gafarta wa malaman da suka zane mu a kan haka.

Akwai wani dattijo mai fenti a bayan kasuwar unguwarmu, wanda ya yi shekara da shekaru yana rubuta alluna kafin injin buga leda ya zo ya ƙwace masa ciniki. Muka kai masa ziyara muka tambaye shi dalilin da ya sa masu sana'arsu ke son dunƙulallen harafi. Ya ce, "Malam, ai burushi ne ya koya mana. In ka ja shi ka ɗaga, bakin layin da kansa yake zagayewa. Kusurwa ita ce mai wuya, sai ka koma ka gyara da ƙaramin burushi, fenti na bushewa, mai allo na jiranka." Ya ƙara da cewa harafi mai kauri shi ke jure rana da ruwan sama, domin ko gefensa ya ɓare, cikinsa na nan. Amma ya yi mana wani gargaɗi da muka rubuta a littafinmu: in ƙiba ta yi yawa, ramin da ke cikin a da e da o sai ya toshe, mutum daga nesa ya kasa rarrabe su. Shi ya sa, in ji shi, gwani yakan fara auna ramin kafin ya auna naman.

Turawa ma sun daɗe da gane amfanin irin wannan zubi a wajen talla. A shekarar 1922 aka fito da wani salo a Chicago ta Amurka mai suna Cooper Black, wanda Oswald Cooper ya zana, baƙi wuluk, mai taushin gefe, kuma har gobe za ka gan shi a jikin shaguna da riguna, har nan Adum. A 1979 kamfanin motoci na Volkswagen ya sa aka zana masa VAG Rounded, mai zagayayyen baki kamar an yi shi da bututu. Sai kuma wanda ya fi su suna, wato Comic Sans, wanda Vincent Connare ya zana a kamfanin Microsoft a 1994. Dalilinsa kuwa, ya ga wani karen zane a cikin wata manhaja ta masu koyon kwamfuta yana magana da haruffa irin na jarida, ya ga abin bai dace ba, sai ya kwaikwayi rubutun littattafan labarai masu zane-zane. Tun daga zamanin Windows 95 salon ya bazu duniya, ya shiga inda aka nufe shi da inda ba a nufe shi ba. A 2012, ranar da masanan cibiyar CERN da ke Jeniba suka sanar da gano ƙwayar nan ta Higgs, wadda aka yi kusan shekara 50 ana nema, da Comic Sans aka nuna wani sashe na bayanin, duniya kuwa ta yi ta surutu a kan haruffan kamar ba wani babban abu aka gano ba.

Me ya sa zagayayyen abu ke kwantar wa mutum da hankali? A kwalejin horon malamai an taɓa ba mu labarin gwajin da wani masani Bajamushe, Wolfgang Köhler, ya bayyana a 1929. Ya zana siffa biyu, ɗaya mai tsini-tsini, ɗaya dunƙulalliya, ya ƙago suna biyu marasa ma'ana, takete da baluma, ya ce a raba musu. Akasarin mutane sai su ba mai tsinin takete, su ba dunƙulalliyar baluma. Mun gwada a ajinmu da alli a makon da ya wuce, yara kuwa ba su yi gardama ba ko kaɗan. Mu Hausawa ma ai harshenmu ya riga ya san wannan. Ka ce jariri ya yi ɓul-ɓul, ko tuwo ya yi luƙui, ka ji yadda leɓe ke tattaruwa, sa'an nan ka ce tsini, ko kaifi, ko tsitsit, ka ji yadda haƙora ke fitowa. Harafi mai kumatu ɓul-ɓul yake cewa tun kafin ka karanta abin da ya ƙunsa.

Wannan shi ne ƙarfinsa, kuma a nan ne ake yin ɓarna da shi. A jikin allon mai koko da ƙosai, ko makarantar renon yara, ko katin suna, ko shagon kayan wasa, ya zauna daram. Amma kwanan baya mun ga takardar sanarwar sadakar arba'in ta wani bawan Allah, dattijo mai mutunci, an buga ta da irin haruffan nan masu tsalle-tsalle, kowane da launinsa. Ba mu ce komai ba a wurin, domin ba lokacin gyara ba ne, amma zuciyarmu ta sosu. Wanda zai je ta'aziyya ba ya sa kayan ranar Salla. Haka kuma doguwar magana ba ta son su. Kalma uku ko biyar a kan allo suna da daɗin gani, amma shafi guda cike da ƙattin haruffa yana gajiyar da ido, kamar a ba ka alewa a madadin tuwon dare. An yi su ne don kira daga nesa, in mutum ya matso sai a yi masa magana da harafi mai natsuwa.

Wani abokin aikinmu ya ce ai duk wannan sabon abu ne da boko ya kawo. Muka ce a'a, ya tuna allonsa na makaranta. Rubutun da malamanmu suka gada daga Kano da Barno, da alƙalamin kara da tawada, ai shi ma kauri gare shi da zagaye, ba irin siririn rubutun bugun Masar ba. Kuma sunayen da aka koya mana na baƙaƙe siffarsu suke faɗa, irin su ambaki da ha kuri da nun ara, domin yaro ya ga harafi kamar wani abu mai jiki da baki da wutsiya. Da irin wannan rubutu Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya kuma rasu a 1934, ya bar mana waƙoƙinsa na Hausa da Larabci. Tun ma kafin shi, Baturen nan Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da malamai Musulmi masu rubutu a kusa da fadar Asantehene. Saboda haka sanin kyan harafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamin allo kuwa, in ka bar ɗigo ɗaya a kan harafi, sai ka wanke ka sake.

Ƙugiyar boko ita ma ba daga sama ta faɗo ba. A farkon rubutun Hausa da haruffan Turawa, wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu su bar shi haka nan. A shekarun 1930 ne, zamanin da Rupert East ke jagorancin hukumar fassara da talifi a Zariya, aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ, daga nan suka bi littattafan makaranta da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. An yi haka ne don a raba kafa da ƙafa, da kasa da ƙasa, da bata da ɓata, da kare da ƙare.

To, yanzu ga maganar da ta fi mana nauyi, kuma yaron nan ne ya faɗe ta ba tare da ya san ya taɓo ciwo ba. Ya ce, "Ticha, mu fa a nan kura muke cewa, ko ta daji ko ta hanya. Wa zai ruɗe?" Gaskiyarsa. Hausar Zongo, wadda Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Bare-bari da mu duka muka taru muka raina, ta sauke waɗannan sautuka a bakin yawancin matasa, kamar yadda ta rage bambancin namiji da mace a magana. Ba ma ganin wannan abin kunya ne. Harshen da ya haɗa kabilu a kasuwa da masallaci ya yi aikinsa, kuma duk Bakanon da ya yi mana dariya sai ya zo ya gwada ciniki a Alabar mu gani. Amma rubutu wani abu ne dabam. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta ware don koyarwa a makarantu, ko da yake an daɗe ana jin ta a gidan rediyon ƙasa. Ke nan yaron Bantama ba shi da littafin aji da zai nuna masa ƙ. Inda zai gan ta kawai shi ne a shafi irin wannan, da kwalin bangon makaranta, da ƙyallen walima, da katin aure. In muka bari ta ɓace a nan ma saboda son haruffa masu kyau, ranar da ya ɗauki littafin da aka buga a Zariya ko Yamai sai ya ga kamar wani harshe ne, alhali kuwa gadonsa ne shi ma. Kuma ɗalibin da ya san ƙ a Hausa, ƙaf na Larabci ba ya yi masa nisa, wannan kowane malamin tajwidi zai shaida.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Da muka ba malamar da ke koyar da Twi a makarantarmu labari, sai ta ce, "Malam, kai yau ka fara kuka?" Su ma haruffansu biyu, ɛ da ɔ, haka suke fama. Shi ya sa za ka ga matasa na rubuta lamba 3 a madadin ɛ, da bakan rufe zance a madadin ɔ, har kalmar ɛyɛ ta koma 3y3 a waya, daga waya kuma ta hau allunan talla. Ta ce ita abin da ke ba ta haushi, yara sun fara kawo mata shi a takardar jarrabawa.

Magani dai akwai shi, kuma ba na kuɗi ba ne. Akwai wani salo mai suna Andika, wanda ƙungiyar SIL ta yi musamman don masu koyon karatu, ana saukar da shi kyauta daga intanet. Bai kai su Cooper Black ƙiba ba, amma yana da taushi da sarari, a ɗinsa da g ɗinsa irin waɗanda yaro ke rubutawa da hannu ne, an rarrabe babban I da ƙaramin l da lamba 1, kuma haruffanmu da na Twi duk suna ciki. Jerin Noto na kamfanin Google shi ma yana ɗauke da su. Muka zauna da yaron ya sauke su, ya sake buga kwalayen aji, kura ta koma daji. Muka kuma roƙe shi wani abu guda, wanda muke roƙon duk mai shagon bugu a Zongo: kafin ya zaɓi kowane salo don aikin Hausa, ya fara rubuta "Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya" da manya da ƙananan haruffa. In duk sun fito jiki ɗaya, bismilla. In ɗaya ya rame ko ya zama akwati, a nemi wani. Mai ba da aiki kuma ya nemi a nuna masa gwaji a ƙaramar takarda, ya karanta da ƙarfi, kalma kalma, kafin a hau inji.

Saura ƙyallen walima. Kuɗin sake bugawa babu, kuma ba mu da fuskar komawa wurin iyaye. Sai muka naɗe shi muka kai wa dattijon nan mai fenti. Ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Malam, nawa ne marasa hular?" Muka ƙirga tare, goma sha ɗaya. Ya haɗa fenti har ya dace da koren da ke jiki, ya ɗauki ƙaramin burushi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora wa kowane ƙugiya mai kauri daidai da jikinsa. Wurin ɗ ya ɗan sha wuya, domin layin sama ya matse ta, sai ya karkatar da ƙugiyar kaɗan. Da muka tambayi ladansa, ya ce jikarsa na cikin masu saukar, a bar shi kawai ya zauna a sahun gaba.

Walima ranar Lahadi ta biyu ga wata mai kamawa ce, in Allah ya kai mu, a harabar makaranta bayan sallar La'asar, kuma ana gayyatar kowa. Wanda ya zo ya matsa kusa da ƙyallen ya gwada nuna mana guda goma sha ɗayan nan. Zancen kuɗin jarrabawa kuma sai fitowa ta gaba. Wassalam.